Ƙusa Tara a Bakin Ozella

Shekara arba'in da ɗaya Ozella Yount ta yi tana aiki da ƙusa a baki, ba ta taɓa haɗiye ko ɗaya ba. A garinmu na gindin duwatsun Karolina ta Arewa, inda da wuya ka sami gidan da babu wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masana'antar kujeru, wannan ba ƙaramin abin tinƙaho ba ne. Duk tsohon mai aikin kushin da ka tambaya zai gaya maka ya haɗiye biyu ko uku, ya bi su da burodi, ya koma bakin aiki. Ita kam ko sau ɗaya.

Za ta dumbuzi ƙananan baƙaƙen ƙusoshi ta watsa a baki kamar gyaɗa, ta tara su a kumatu. Hannun hagu ya ja yadi ya ɗame shi a jikin katako. Hannun dama na riƙe da 'yar siririyar guduma mai maganaɗisu a kai. Harshe ya juyo ƙusa ɗaya, kanta a waje, guduma ta taso ta taɓa leɓe ta ɗauke ta, ƙwas, ta nutse. Kafin ka ƙifta ido ta biyu ta bi sahu. Bakin nan shi ne hannu na uku. In babu shi, ko dai ka saki yadi ko ka ajiye guduma. Kuma da ƙusoshin a kumatu take hira, take amsa waya, take yi wa mijinta Hoyt faɗa idan ya shigo mata gareji da takalmi duk taɓo.

Tana da shekara goma sha bakwai ta shiga masana'anta. Wani dattijo mai suna Garland Setzer ne ya koya mata, ita da wani saurayi mai shegen surutu, Delmer Sigmon, a benci ɗaya. Garland yana cewa ƙusar da ta sha yawu takan yi ɗan tsatsa a cikin katako, ta kama shi riƙon har abada. Da aka kawo bindigar ƙusa mai aiki da iska, Delmer ne ya fara tofar da na bakinsa ya rungume ta. Shekara guda cur Garland bai amsa gaisuwarsa ba. Ozella ta ƙi bindiga ƙememe. Da masu masana'antar suka kwashe injunansu suka kai ƙasar waje, suka bar mutane da hannu biyu da ciwon baya, sai ta buɗe shago a garejinta. Delmer ya buɗe nasa a tsallaken titi, yana yin kujerun mota da na kwalekwale. Shi yana kiranta Beguwa saboda ƙusoshinta, ita tana kiransa ɗan bindiga. Shekara goma sha tara suna jifar juna da magana ta saman titi, ba wanda ya taɓa taka shagon wani.

A farkon watan Satumban bara, Mis Lottie, matar marigayi Garland, ta aiko a kira Ozella. Shekararta casa'in da ɗaya, idanu sun yi hazo, 'ya'yanta kuma sun yanke shawarar ranar ɗaya ga Nuwamba za ta koma gidan kula da tsofaffi. Gidan ya ce kaya ɗaya tak za ta zo da shi. Ku ji fa. Mace ta shekara saba'in tana haɗa gida, a ce mata zaɓi abu ɗaya, kamar mai shirin shiga kurkuku. Ta zaɓi kujerar da Garland ya yi mata da hannunsa shekarar da suka yi aure, mai dogon baya da fukafukai biyu. Yadinta ya mutu murus, sifirin ya ɓullo ta ƙasa, gashin dokin da aka cusa mata yana zuba.

"Ozella, 'yata," in ji tsohuwar, "yadda ya yi ta za ki yi min ita. Kar bindiga ta taɓa ta."

Ozella ta ce ai ko ba a faɗa ba. A makon nan ta tuɓe kujerar tsaf, ta bar katako tsirara kamar ƙwarangwal. Ta san an sa mata ranar tiyata a tsakiyar wata, za a cire mata matsarmama da ta cika da duwatsu, amma likita ya ce ƙaramin aiki ne, huda huɗu, sati guda ta miƙe. Ta lissafa ta ga lokaci har da rara.

A nan kuma dole a faɗi laifinta, don ba a yabon mutum da ƙarya. Safiyar aikin, tana kwance cikin rigar nan tasu mai buɗaɗɗen baya, likitan sa barci ya zo. Idonsa na kan na'ura, ya jero tambayoyi kamar mai sauri ya kama mota. Ya tambaya ko muƙamuƙinta na ciwo, ko yana ƙara idan tana tauna. Ta ce lafiya lau. Hoyt na zaune a gefe ya buɗe baki, ta watsa masa harara ya rufe. Alhali shekara ashirin ke nan muƙamuƙin nan na dama yana ƙas-ƙas a kan teburin cin abinci, har Hoyt ya raɗa masa suna agogon gida. Amma wanda bai yi masana'anta ba ba zai gane ba. A zamaninsu, duk wanda ya ce wuyan hannunsa na ciwo, washegari tsintsiya za a miƙa masa. Saboda haka in mai farar riga ya tambaye ka lafiyarka, amsa ɗaya ce, lafiya lau, ko da hanjinka na hannunka. Masana'antar ta rufe tun tuni, amsar ba ta rufe ba.

Ta farka da maƙogwaro kamar an goga masa yashi. Wannan an gaya mata za a yi. Abin da ba a gaya mata ba shi ne wanda ya biyo baya. Kwana uku, ciki ya lafa, sai ga wani ciwo daidai gaban kunnen dama, kamar ana murɗa mata sukurudireba a ciki. Baki ya ƙi buɗuwa ya wuce yatsa ɗaya da rabi. Hamma ta zama azaba. Matan coci suka yi ta kawo abinci, soyayyar kaza, gasasshen naman alade, dafaffiyar masara, tuffa kwando guda, ita kuwa ta zama kaza mai kwana kan dami. Ba ta iya cin komai sai faten tsakin masara da burodin masara da Hoyt ke marmasa mata cikin tsala, tana tsotsa da ƙaramin cokali.

Ta koma wurin likitan da ya yi mata aiki. Ya duba hudar nan huɗu, ya yaba wa kansa, ya ce shi ciki ya taɓa, ciki kuma ya warke, maganar baki ta ga likitan haƙori. Sai ka ce bakin na wata matar ce daban da ta rako ta. Likitan haƙori ya haska, ya ce haƙora garau. Ta buga waya asibiti, wata murya mai zaƙi ta ce zai wuce, ta sha maganin ciwon kai, ta rage damuwa. Damuwa! Matar da ta binne uwa da uba da ɗa guda ba ta taɓa kwanciya ba, ita za a ce damuwa ta ɗaure wa baki. Sati uku aka yi ana buga ta kamar ƙwallo, kujerar Mis Lottie na tsaye a gareji tsirara.

Sai wata 'yar'uwa a coci ta haɗa ta da Renita, mai aikin gashin ƙashi a garin da ke gaba da namu. Ita ce mutum ta farko da ta zauna ta sa yatsa a wurin. Ta yi mata bayani dalla-dalla, cewa idan an sa mutum barci, sai an wangale bakinsa an turo muƙamuƙi gaba kafin a zura bututun numfashi, shi kuma yana kwance ba ya jin komai balle ya ce a dakata. A mahaɗar ƙashin nan akwai wani ɗan matashi da ke hana ƙashi gugar ƙashi. In dama ya gaji, to ranar yakan zame. Ozella ta gane nan take, ai aikinta ke nan, ta san abin da ke faruwa idan auduga ta goce ta bar katako a kan katako. Renita ta tambaye ta ko muƙamuƙin yana ƙara tun kafin tiyatar. Wannan karon ta faɗi gaskiya. Aka ba ta motsin da za ta riƙa yi, da gashi da tawul mai ɗumi, da siraran katakan nan na danne harshe, ta riƙa jera su tsakanin haƙora tana ƙara ɗaya bayan 'yan kwanaki. Da Renita ta ji irin sana'arta, sai ta ajiye biro. Ta ce ƙusa a baki, aƙalla wata uku babu ita, don riƙe su a kumatu ɗaure muƙamuƙi ne wuni guda.

Ozella ta ce to. Ta dawo gida ta yi kwana biyu tana aikin da bai buƙaci ƙusa da yawa ba, ɗaure sifirin da ɗinke gashin doki. Ranar Talata da hantsi, Hoyt na waje yana share ganye, ta ƙirga ƙusa tara, kaɗan dai don gwaji, ta tura su ta 'yar kafar da bakinta ya bari. Ta ja ɗamarar algarara ta jikin kujerar, ta ɗaga guduma. Kafin harshe ya juyo ta farko, muƙamuƙi ya yi ƙas, ya kulle.

Ba ihu, ba magana, ba damar tofarwa. Ta sunkuyar da kai don kar su gangara maƙogwaro, ta shiga dukan benci da guduma har Hoyt ya shigo a guje da manjagara a hannu. Ta nuna bakinta, ta ɗaga yatsu tara. Nan take ya gane. Ya karɓi gudumar, ya kai kan maganaɗisun daidai tsagar haƙoranta. Tana turowa da harshe, yana ɗaukewa, yana jerawa a kan benci. Ɗaya, biyu, har takwas. Ta tara ta maƙale can bayan haƙorin turmi na ƙarshe. Yawu da jini na ɗiga a kan takalminta. Ya ruga ya jiƙo tawul da ruwan zafi, ya riƙe mata a kunci, yana karanta duk addu'ar da ya tuna, har da ta cin abinci. Sai da aka kusa rabin awa naman ya ɗan saki, ƙusar ta fito.

Hoyt ya zauna a kan bokiti yana haki. "Tsohuwa," ya ce, "shekara talatin da takwas ina roƙon Ubangiji ya rufe bakin nan ko na wuni ɗaya ne. Yau ya amsa. Na ce masa na fasa."

Ta so ta yi dariya, ba hali. Hawaye ne suka zubo.

Ba ta sake gangancin ba, amma ba ta haƙura ba. Ta sa Hoyt ya riƙa soka ƙusoshi a jikin soso, kawunansu a sama, ita kuma ta ɗauka da guduma. Maganaɗisu ya ɗauko uku a tare, ko ya ɗauko ɗaya a karkace. In ta kai ido kan soso, yadi ya goce. Wuni guda suka yi abin da take yi cikin minti ashirin, kujerar kuwa tana cin ƙusa fiye da dubu. Suka gwada bakin Hoyt, ƙusa biyu kawai ya sa ya fara yunƙurin amai. Saura kwana goma sha biyu.

Washegari da safe ta ɗauki kwalin ƙusa ta tsallaka titi. Duk wanda ya san Ozella ya san da ta yi wannan tafiyar ta taku ashirin, gara a sake kwantar da ita a yanka. Delmer ya ɗago ya gan ta a ƙofar shagonsa, ya kashe injin iska. Ya ce lallai yau za a yi ruwa da ƙanƙara, Beguwa ta shigo gidan ɗan bindiga. Ya riga ya ji labari, garin ba ya ɓoye komai. Ya ce ta kawo kujerar, awa biyu ya gama mata, ai Mis Lottie ba ta gani, wa zai gaya mata?

"Idonta ne ya tafi," in ji Ozella ta tsakanin haƙora. "Hannunta na nan."

Ta dire kwalin a kan teburinsa. Ta ce ba bindigarsa ta zo aro ba, bakinsa ta zo aro. Shi zai riƙe ƙusa, ita ta riƙe yadi da guduma.

Delmer ya dube ta, ya dubi kwalin. Ya ce shekara talatin rabonsa da sa ƙusa a baki, haƙoransa na sama ma na roba ne yanzu. Ta ce harshe ba ya mantuwa, musamman nasa da bai taɓa hutawa ba. Ya ce to wane tabbaci yake da shi cewa ba za ta fasa masa baki da gudumar ba?

"Delmer, da ina son fasa maka baki, da ban jira na tsufa ba."

Ya cire hularsa ya sosa sanƙo. Can ya ce, a hankali, har yau in ya bi ta maƙabartar coci ba ya iya duban inda Garland yake. Ya ɗauki kwalin, ya ja ƙofar shago.

Ranar farko abin kunya ne. Ya zauna a kan 'yar kujera daidai kafaɗarta ta dama, yana turo ƙusa ta tsini maimakon ta kai, guduma ta buge masa leɓe har sau uku. Ta ce Garland ya yi asarar koyarwa. Ya so ya rama, sai ya tarar ba zai iya magana da ƙusa a kumatu ba, wannan baiwar Ozella ce kaɗai. Rana ta uku abin ya dawo masa. Guduma ta juya, ta taɓa leɓe, ƙwas. Ta juya, ƙwas. Ba ta ma dubansa. Mutane suka fara biyowa ta ƙofar gareji da sunan gaisuwa, alhali Delmer Sigmon suka zo gani ya yi awa guda bai ce uffan ba. Fasto da kansa ya zo, ya tsaya, ya ce ya ga mu'ujizar da zai yi wa'azi a kanta. Rana ta biyar Delmer ya zaro ido ya nuna maƙogwaro, Hoyt ya rugo da burodin masara da mukullin mota. Sai da ya cinye yanka biyu sannan ya ce babu abin da ya haɗiye, yunwa yake ji, matar nan ba ta san tashin cin abinci ba.

Ita kuwa duk bayan awa biyu sai ta ajiye guduma ta gasa kunci, ta jera katakanta tsakanin haƙora. Ta rame har wandon aikinta na zamewa. Ciwon na hawa mata har cikin ido, ba ta fasa jan sabon koren yadin karan-miskin ba sai ya kwanta sumul, ba tattara ko ɗaya. Inda fukafukan suka lanƙwasa ta warware sau biyu ta sake, Delmer na gurnani ta hanci. Ranar talatin da ɗaya ga Oktoba da la'asar, yara sun fara yawo ƙofa-ƙofa cikin shigar dodanni suna karɓar alewa kamar yadda al'adar ranar take, ta buga ƙusar ƙarshe.

Washegari suka ɗora kujerar a bayan motar Hoyt, suka lulluɓe ta da bargo. Ɗakin da aka ba Mis Lottie ɗan ƙarami ne, tagarsa na kallon wurin ajiye motoci. Tana zaune a bakin gado da jakarta a cinya, kamar mai jiran a zo a mayar da ita gida. Suka ajiye kujerar kusa da taga. Delmer ya sulale ya tsaya a baranda.

Tsohuwar ba ta zauna ba tukuna. Ta shafa bayan kujerar, ta shafa fukafukan. Sannan ta dafa Ozella ta sunkuya, ta zura hannu can ƙarƙashi inda ba mai dubawa, tana bin kawunan ƙusoshin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago ta ce tazarar yatsa ɗaya-ɗaya, yadda Garland yake yi.

Da Ozella ta yi shiru, da ba wanda zai ƙara tambaya. Amma ba ta iya ba. Ta ce hannu dai nata ne, amma bakinta ya ƙi, kowace ƙusa a kujerar nan daga bakin Delmer Sigmon ta fito.

Mis Lottie ta tambaya ko yana nan. Ya shigo yana murza hula, ƙaton mutum mai shekara sittin, leɓe a kumbure.

"Delmer," in ji ta, "har Garland ya kwanta ciwon ajali yana cewa za ka dawo. Ni ce nake ce masa ya daina ɓata bakinsa." Ta lalubo hannunsa ta bubbuga. "Ka makara, yaro. Amma ka zo."

Delmer ya buɗe baki, kuma ga shi babu ƙusa a ciki, amma ko kalma ɗaya ba ta fito ba.

Tsohuwar ta saki jakarta a kan gado, ta juya ta zauna, ta jingina kai a fiffiken dama, ta ce su tafi haka nan, barci take ji. Kafin su kai ƙofa ta lumshe ido.

Sai cikin watan Afrilu bakin Ozella ya ɗauki yatsa uku. Har yau ba wanda ya kira daga asibitin ya ce mata sannu. Ita ce ma ta je da ƙafarta, ta tsaya a kan ma'aikaciyar har sai da aka rubuta maganar muƙamuƙinta a fayil, ta sa aka juyo na'urar ta karanta da idonta. Duk tsohon ɗan masana'antar da ta ji an sa wa ranar tiyata, sai ta tare shi a ƙofar coci ta ce in an tambaye shi ya faɗi gaskiya, ba wanda zai miƙa masa tsintsiya yanzu. Renita ta ce za ta iya gwada ƙusa kaɗan-kaɗan in tana so. Ba ta gwada ba. Ranar Talata da Alhamis Delmer yakan rufe shagonsa da hantsi ya tsallako, ya ja 'yar kujerarsa zuwa kafaɗarta ta dama. Ita ke hira yanzu, shi yana saurare.